Koren da Babu a Hoto

A Ebute Meta, bayan rumfar makanikai,
inda dogo ya gaji ya kwanta cikin ciyawa,
aka nuna mini shi:
kan jirgi, baƙo a gidan ubansa,
ƙadangaru sun kama haya a tukunyarsa.
Aka ce, Sodangi, mayar masa da rigarsa ta fari.
Aka miƙo mini hoto.
Hoton kuwa baƙi ne da fari.

Kwana tara ina kankara.
Iskar teku ta riga ni fara aiki,
gishirinta ya cinye haƙarƙarin hagu.
Ƙarƙashin ruwan toka na tarar da shuɗi,
ƙarƙashin shuɗi wani rawaya mai jin kunya.
Kowane manaja da launin da ya zo da shi,
ya shafa, ya yi ritaya,
ƙarfe bai ce uffan ba.
Samfefa ta share mini zanen yatsu
har wayata ta daina gane ni.

Sai ga Baba Oyewole.
Shekara talatin da ɗaya yana jan taragai daga Iddo,
yau jikarsa ke jan sa da sanda.
Yana ta rufe masa ido biyu.
Hausarsa ta tasha ce, tsintar Minna da Zariya.
Na buɗe gwangwani, ya sunkuya ya sansana
sai ka ce launi na da ƙamshi.
Wane kore ka haɗa?
Na ce, irin na tuta.
Ya ja tsaki.
Je ka Agege wurin masu ɗaurin goro,
ka roƙi ganyen huhu da ya kwana uku a hanya,
bai mutu ba, bai kuma san inda yake ba.
Shi ne.

Danfo biyu zuwa, uku dawowa,
ganye a aljihun gaba kamar laya.
Ɗigon baƙi, ɗigon ɗorawa,
ina damawa a hankali kamar kunun mai jego.
Ruwan sama ya ɓata mini shafi biyu.
Na sake.

Ran Laraba, gefen matakala,
daidai inda mai zuba kwal ke dafawa,
wuƙata ta yi tuntuɓe.
Ajami ne, da ƙusa aka karce:
Ɗanjuma na Gusau ya iso lafiya.
Ba rana, ba shekara.
Ba ɗan'uwana ba ne, ban san kowa nasa ba,
amma na ajiye wuƙa na zauna a kan dogo.
Na ɗora yatsan Baba a kai, na karanta masa.
Ya daɗe shiru.
Ya ce, ban tuna shi ba.
Da yawa suka iso.

Ɗan kwangila ya ce a cike, a goge, ya yi sumul.
Na ce to.
Buroshi ya bi ta wurin sau ɗaya tak,
shi ma da sauƙin hannu.
Da hantsi ba ka ganin komai.
Amma jira la'asar ta karkato,
za ka ga Ɗanjuma ya sake isowa.

Ranar buɗewa aka kawo 'yan makaranta,
aka yi jawabi, aka yanka ƙyalle.
Yana ta sheƙi, jan layi a ƙugu,
taku goma a gabansa dogon ya ƙare a katanga.
Can baya sabon jirgi ya wuce da busa,
bai ko gaishe shi ba.

Baba ya lalubo tukunya, ya shimfiɗa tafi.
Kun ce launi ya yi, na yarda.
Sai dai da sanyi.
A zamanina wa ya isa ya taɓa shi?

Na wanke buroshi da kananzir.
Abin da ya maƙale a farce
shi na hau mota da shi zuwa Idi Araba.