Minti na Bakwai

Ɗigon farko ya shiga lafiya, na biyu ma haka.
Ina leƙen tashar jiragen ruwan Valparaíso ta tagar asibiti,
ina ƙirga jajayen kwantenoni a kan jirgin da ke shigowa.
A minti na bakwai wuta ta kama gadon bayana,
maƙogwaro ya tsuke kamar bakin jakar da aka ja wa zare,
harshe ya yi nauyi, ɗakin ya yi nisa.
Nibaldo, nas ɗin da ke tsokanata kan ƙwallon ƙafa,
ya haɗiye dariyarsa, ya murɗe robar, ya danna ƙararrawa.
Iyakar abin da na riƙe ke nan: fararen takalmansa a guje.

Ashe jiki ma yana da tasa gardamar.
Shekara hamsin da takwas yana bi na ba musu,
ya hau matakala ɗari da arba'in na tudunmu da kwandon kifi,
ya haifi uku, ya binne ɗaya,
sai ranar da na kawo masa gudummawa ya rufe ƙofa.

Ran Alhamis Likita Ossandón ta juya takardar gwajin jini,
ta ja layi uku a bayanta da alƙalami.
Ta ce, Herminia, ƙarin da ke cikinki bai san an yi hutu ba.
Ko dai mu koma wa maganin nan, mu tsinka shi,
mu lallaɓa shi cikin jijiya daga safe har faɗuwar rana,
da iskar shaƙa a kusa, da allura a hannu.
Ko mu nemo ɗan'uwansa da aka sauya wa riga,
don wataƙila ruwan da aka narka shi ciki ne jikinki ya ƙi,
sai dai kuɗinsa, da takardu, da jiran sa hannu.
Na ukun wani magani ne daban.
Ta ɗan yi shiru kafin ta faɗi alƙalumansa.

Yasna ta ce na biyun, Mama, zan sayar da tasi ɗina.
Floridor yana ta murza hularsa,
mutumin da ke yi wa teku tsawa, yau ko tari babu.
Ni kuwa yatsuna nake kallo.
Na ce, wanne ne zai bar mini su?
Da su nake zare ƙayar kifi ido a rufe,
da su nake gane zazzaɓi a goshin jikata.
Ta ce, kowanne yana karɓar harajinsa.
Na ce, da ni mahaifiyarki ce fa?
Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.
Ta ce, mahaifiyata tsoron jira take, ke ban san naki tsoron ba.

Ban yi barci ba. Da asuba na gangara bakin ruwa,
hazo ya cinye rabin gari, tsuntsaye na faɗa kan hanjin kifi.
A nan mahaifina ya koya mini shiga wannan teku mai sanyin ƙanƙara:
idon sawu tukuna, ki tsaya,
sai gwiwa, ki tsaya, har jiki ya daina ihu.
Wanda ya yi tsalle shi ake tsamowa.

Ban ce na daina tsoro ba.
Hannuna na rawa da na buga waya.
Na ce wa Yasna ta riƙe motarta,
na ce wa likita, na farkon, a hankali.
Na sa gurasa da ulu a jaka, wunin zai yi tsawo.
Abu ɗaya na roƙa:
Nibaldo ya jawo kujera kusa da ni,
kada ya kalli agogo, ni zan kalla,
ya dai ci gaba da zagin ƙungiyarmu
har mu wuce bakwai.