Inda Bulo Ya Haɗu da Katako

Bangon Sittana bango biyu ne.
Daga ƙofa zuwa taga jan bulo,
ginin marigayi Barau, shekarar da riɗi ya yi kuɗi.
Daga taga zuwa kusurwa katako mai fale-fale,
ɗansu ya kafa shi kafin la'asar
ranar da dangi suka sauka daga Khartum
da katifa ɗaya da yara biyar.

Ta ce, Usta, rufe min su duka,
mai wucewa ya ga gida, kada ya ga labari.

Na dafa bulon, sanyi, ƙishirwa.
Na ƙwanƙwasa katakon, ya amsa kamar tulun da ba ruwa.
Na ce, Hajiya, waɗannan biyun ba sa numfashi tare.
Bulo ya sha ruwa ya yi shiru.
Katako ya sha, ya kumbura,
rana ta fito, ya motse kamar an zage shi.
Ƙasar Gadarif kuma ba ta ceto,
baƙa ce, da rani takan wangale baki
har ta haɗiye silifas ɗin yaro.

Attayib ya riga ya kwaɓa.
Shekara goma sha bakwai, komai nasa gudu.
Na ce kai wa dakali wannan,
siminti ba ya kama katako ko da ka haɗa shi da Allah.

Takardar kwalta tukuna,
daga ƙasa zuwa sama, kowace ta hau bayan 'yar'uwarta
kamar gashin zabo,
don ruwa ya sami hanya ba tare da ya sami ƙofa ba.
Sai ragar waya, ƙusa kowane taki,
a ja ta ta ƙetare iyaka, taki biyu cikin bulo.
Ragar nan ita ce tafinta.
Na san aikinta.
Kakana ya taho da ƙafa, Makka a ransa,
ya tsaya noman damina ɗaya a nan,
ga mu har yau.
Da Larabci nake cinikin yashi,
amma guduma ta sami yatsana, Hausa ce ke fita.

Shafen fari siriri, a danna shi ya shige idon raga.
Kafin ya bushe a kakkarce shi da ƙusa.
Attayib ya ce, mun gyara kuma muna ɓatawa?
Na ce santsi ba ya riƙe kowa.

Kwana uku muna ba bango ruwa safe da yamma.
Sittana na zaune da jabana tana ƙirga jarka
duk sanda mai amalanken jaki ya sauke.
Ta ce, bangon da ko alwala ba ya yi!
Amma ita ce da asuba,
na tarar, tana yayyafa masa da butarta.

Ranar shafen ƙarshe na ɗauki bakin cokali
na ja layi daga sama har ƙasa,
daidai inda Barau ya tsaya, ɗansa ya ɗora.
Ta miƙe tsaye. Ba haka muka yi ba.
Na ce zai tsage, Hajiya, ko na so ko na ƙi.
Gara in nuna masa inda zai bi
da ya zaɓa da kansa ta tsakiyar taga.
Ta daɗe tana kallo.
Ta rage min fam ɗin da ta rage, ban ce komai ba.

Damina ta zo ta wuce.
Jiya na bi ta layin da baro, zan je wani aiki.
Bangon na nan, launi ɗaya, ba kumburi.
Baƙin ba su koma ba tukuna.
Ƙaramarsu ta jingina bayanta da layin nan,
yayanta na shata tsawonta da gawayi.
Na ƙirga zane uku.