Lissafin Albasa

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da littafin Arzika,
mahaifina, dillalin albasa a Kara.
Ni ke rubuta buhu nawa ya sauka daga Goronyo,
nawa ya hau tirela ya nufi kudu,
nawa ya ruɓe a rumfa kafin farashi ya ɗaga.
Ko sifiri ban taɓa ɓatarwa ba.
Ranar da na ce zan koma makaranta
in karanci kasuwanci har a ba ni takarda,
ya ɗago daga carbinsa ya ce,
"Mi za su koya ma wanda ba ka gani nan ba?"
Na ce, "Su ma sai sun gwada ni kafin su karɓa."
Ya yi dariya har hularsa ta karkace.

Wata uku, bayan isha'i, a Mabera.
Wuta ta ɗauke, zafi ya sauko daga kwano
ya zauna mini a wuya kamar mai bin bashi.
Luba ta jiƙa tawul ta ɗora mini a ka,
ta riƙe waya tana ƙidaya mini mintoci,
biyu ga kowace tambaya, babu ɗaga ƙafa.
"Lokaci ya cika," in ji ta, da muryar alƙali,
ni kuwa ina tsakiyar famfo biyu
suna cika tanki ɗaya, tankin na yoyo.
Wa ke da famfo biyu a layin nan?
Mu da ke sayen ruwa jarka-jarka.

Turancin ya fi ba ni wuya.
Jimla doguwa kamar hanyar Illela,
ka kai ƙarshe ka manta inda ka taso.
Na rubuta kalmomi a bayan rasit,
ina bitar su tsakanin ciniki da ciniki,
har wani ɗan dako ya zaci laƙani nake haddacewa.

Asabar ta zo.
Aka karɓe waya, aka karɓe agogo,
aka leƙa cikin hulata, ba a sami komai ba sai gumi.
Kujera ta ashirin da bakwai.
Dama da hagu yara ne, yatsunsu na gudu,
janareta na tari a bayan taga.
Na yi bisimilla, na taɓa linzamin kwamfuta,
hannuna da ke ɗaga buhu ya kama rawa.

Can a tambaya ta goma sha tara
wani ɗan kasuwa ya sayi kaya buhu ɗari,
kashi ɗaya cikin biyar ya lalace.
Nawa zai sayar da saura ya ci riba?
Wallahi sai na ji warin rumfarmu a ɗakin.
Na so in tambaye su, ina kuɗin dako?
Ina la'ada, ina na shingen hanya?
Allon bai san da su ba.
Na ba shi amsar da yake so, wankakkiya,
na wuce.

Saura uku lokaci ya ƙare.
Allon ya rufe kamar shagon da aka kira salla.
Sakamako sai bayan mako biyu.

Da la'asar na koma Kara.
Bai tambaye ni komai ba, ya miƙo littafi:
"Mota biyu sun iso daga Gada."
Na zauna, na rubuta.
Sai da rana ta yi ja a kan buhuna
ya ce, ba tare da ya dube ni ba,
"Hwaɗa min guda cikin tambayoyin nasu."
Na ba shi ta famfo da tanki.
Ya ja carbi ƙwaya uku, ya yi shiru,
sannan ya ce, "Awa shida.
Amma ka gaya musu
su toshe yoyon tukuna."