Muryar Baba Gariba

Shekara talatin da ɗaya a tashar Krofrom,
maƙogwaronsa ne jarinsa.
"Bolga! Bawku! Saura mutum biyu!"
Mai tallan burodi a ƙetaren titi
sai ta toshe kunne.
Da wannan ihun aka biya kuɗin makarantata,
sidi bayan sidi.

Wata Talata, yana alwala,
buta ta suɓuce.
Hannun dama ya tafi, harshe ya bi shi.
A asibitin Komfo Anokye likita ta ce,
kalmomin suna nan ciki, ƙofar ce ta cije.

Muka koma Aboabo da shiru a bayan tasi.

Na fara da kwali. Na zana kofi, gado, buta.
Ya dube ni, ya dubi kofin,
ya ture da hagu.
Na kawo masa allo mai magana.
Ya taɓa hoton ruwa,
sai wata Baturiya ta ce tana jin ƙishirwa.
Inna ta yi dariya har da hawaye.
Baba ya juya wa duniya baya
kwana biyu.

Kwabena, abokin aikina a ɗakin gwaji, shi ya tambaya:
ba shi da tsofaffin saƙonnin murya?
Akwai. Ɗari huɗu da sha bakwai.
Na kwaso daga wayata, da ta Inna, da ta yaran mota,
har wani direba a Bawku ya turo nasa,
rabinsu zagi.

Da dare nake yankawa, in ba a ɗauke wuta ba.
In cire hon, in cire kukan inji,
in bar shi shi kaɗai.
Hausarsa ta zango, mai Asantanci a aljihu,
na'ura ta tauna ta furzar, ta sake taunawa.
Wata bakwai muna haka.

"Adiza, kin ci abinci?" sau sittin da uku.
"Ina canjina?" sau tamanin.
"Na gode" kuwa, na nema, na sake nema,
babu ko ɗaya.
Dole na ɗinka ta da hannuna:
"na" daga "na ce miki", "go" daga "goro",
"de" daga sunan Dede mai dokunu
da yake bi bashi tun bara.
Na sa maɓallin a kusurwa, na yi masa kore.

Ran da na ɗora masa a cinya
maƙwabta sun cika tsakar gida.
Yatsan hagu ya yi ta yawo
kamar fasinja a motar da ta cika,
ya wuce ruwa, ya wuce ciwo, ya wuce kore.
Ya danna.
"Ina canjina?"
Muryarsa ce, da kaushinta da komai.
Inna ta zauna a kan turmi ba ta sani ba.
Yaron da aka aika sayen koko tun safe
ya sa hannu a aljihu, kansa a ƙasa.

Yanzu kullum sai mun yi faɗa.
Maɓallan sun yi ƙanana. Batir ba ya kai la'asar.
"Bawku" ɗin bai kai tsawon da yake ja ba.
Ina rubutawa a littafi, ina gyarawa.
Akwai wata yarinya a Asawase da ke jiran tata;
ita ba ta taɓa barin saƙo a wayar kowa ba,
sai mun je aron murya,
kuma ban san ƙofar wa zan ƙwanƙwasa ba tukuna.

Koren maɓallin har yau fes yake, babu sawun yatsa.

Jiya da dare, ina haɗa masa caja,
ya danna, "Adiza, kin ci abinci?"
Na ce na ci.
Ya sake dannawa.
Na ce na ci, Baba.
Ya sake.