Asalin Baƙo

Shekara arba'in Baba Barau na rini a Garwa,
har shuni ya ƙi barin farcensa.
Yau shi za a rina.

Sun ɗebi tsoka daga ƙullutun wuyansa,
ba ta kai ƙwayar dawa ba,
suka daskarar da ita cikin kaki,
ta tafi Yawunde babu ɗan rakiya.

Likita ta ce, "Ƙarin nan baƙo ne a wuya.
Ko daga huhu ya taso, ko daga hanji.
Za a fere shi, ya fi ɓawon albasa sirantaka,
a ɗiga masa launi iri-iri.
Wanda ya kama, shi zai faɗi garinsu."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ashe sana'armu ɗaya.
Ni ma zare bai taɓa yi mini ƙarya ba:
auduga na shanyewa, roba na tofarwa."

Kwana goma sha tara muna jira.
Binuwai ta janye, yashi ya fito.

Ran Talata takarda ta iso.
Ruwan ƙasa, a tsakiyar ƙwayoyin.
Huhu.

Ya daɗe yana duban farcensa.
"Rinin ya kama sosai?"
Na ce ya kama.
"To, aikin gwani ne. A biya su."