Makullin Dona Ermelinda

Na bar Nebraska da jaka ɗaya,
ina jin ƙasarmu ce cibiyar duniya.
Matakala saba'in da biyu a Porto
suka sauke mini girman kai.

Dona Ermelinda ta miƙo makulli,
baƙin ƙarfe, ya girmi garinmu.
"Colby, sassauta murya,
maƙwabta na barci."

Yanzu ni ke shanya riga a taga,
kifin gishiri ya daina sa ni yamutsa fuska.
Sau ɗaya na yi kuka
a tashar da na kasa furta sunanta.

Jiya Mama ta bugo:
"Yaushe za ka dawo gida?"
Na buɗe baki,
sai na ji hannuna a aljihu,
ya riƙe makullin gam.