Gurbin da Babu a Takarda

Daga Tawa aka turo ni, da igiyar awo da littafi,
in ƙidaya abin da sabuwar hanya za ta ci
tsakanin Tudun Aduwa da bakin tabki.
Kwana tara na yi.

Gawo ɗari da sha huɗu, na shafa musu jan fenti a gindi.
Kalgo da sabara an ce ba sa cikin lissafi.
Rijiya uku, ɗaya ta ƙafe.
Rumbu bakwai.
Kabari biyu da ba wanda ya san masu su,
amma kowace hauya tana kauce musu.
Burtali ɗaya, wanda shanun Bammo suka sani da ka,
hanyar za ta yanke shi kamar wuƙa a kan igiya.

Tsahara ta tare ni a bakin rijiya, guga a hannu.
Ta ce, "Ke dai rubuta a yi.
Bara buhu talatin na albasa suka ruɓe mini
muna jiran motar da laka ta riƙe.
Inuwar gawo ba ta biyan kuɗin magani."
Na rubuta. Gaskiya ta faɗa.

Rana ta shida Nomau ya biyo ni,
tsoho mai ido ɗaya, da akuya a igiya.
Bai yi mini zancen diyya ba.
Ya ce, "Ɗiyata, kin rubuta inda ruwa ke bi?"
Na buɗe taswira: ga korama, shuɗin layi.
Ya yi dariya har akuyar ta zabura.
"Wannan ta bana ce da ta bara.
Ruwa yana da tsohuwar hanya.
Sai ya yi shekara sha biyu bai taka ta ba,
ran da ya tuna kuwa, ba ya sallama."

Ya ja ni bayan lambun albasa,
ya tona da sandarsa, kamu ɗaya, kamu biyu,
sai ga farin yashi mai laushi, da fasassun katantanwa.
"Nan za ku zuba tsakuwa ku tada tudu?
To, zai zo, ya tarar da ƙofa a rufe,
ya juya ya shiga gari.
Gidana ne na uku."

Takardata tana da gurbin ƙura,
gurbin ƙarar inji, gurbin man da zai zuba,
har da gurbin tsuntsu:
na sa shamuwa, na sa balbela, na sa dinya.
Babu gurbin abin da tsoho ya tuna.
A gefe na rubuta shi, da ƙananan baƙaƙe,
kamar mai raɗa a gidan makoki.

A biro Sahabi ya karanta, fanka na juya masa shafi.
Ba mugu ba ne. Shi ya koya mini riƙon igiyar awo.
Ya ce, "Kin san kuɗin gada guda?
An riga an sa ranar aza tubali.
Inda kika ce mai tsanani, mai da shi matsakaici.
Kalma ce kawai."

Kalma ce kawai.
Na zaro gwangwanin tumatir daga jaka,
na juye masa yashin a kan tebur,
bisa hatimi, bisa sa hannu.
Ya daɗe yana kallon katantanwar.
Bai ce i ba, bai ce a'a ba.
Ya ce, "Sa shi a rataye, shafi na arba'in da bakwai."

Wa ke kaiwa shafi na arba'in da bakwai?
Ban sani ba. Rahoton ya tafi Yamai cikin kwali.

Yanzu duk damina, in hadari ya haɗo daga gabas,
nakan fita ƙofar gida in yi lissafi da yatsu.
Nomau ya ce rabonsa da ganin ruwan shekara takwas.
Bana tara.
Jan fentin nan kuma, na wanke, na kankare,
har yau da saura a ƙarƙashin farcena.